Ranar da Na'Allah Ya Saurari Jana'izarsa

A tsohon bakin fito na Gaya, wurin da jirgi ke tsayawa tun ba a gina gada ba, an yi wani mutum mai suna Na'Allah. In ka tambayi tsofaffin tungar da wannan suna, sai sun ɗan yi tunani. Amma ka ce musu Marigayi, nan da nan za ka ga sun gyara zama suna murmushi. Wata biyar cur mutumin nan ya yi yana amsa sunan Marigayi da bakinsa, har ya tambayi mai kiran ya kwanan iyali.

Asalinsa ɗan Bengu ne, gidan manoman gero da dawa. Ubansa ya so ya riƙe masa hauya, shi kuwa tun yana saurayi hankalinsa na gulbi. Ya gangaro Kwara da 'yar jakarsa, ya sami aiki a jirgin fito na Nasara, wanda ke kwasar kamyo, wato manyan motocin kaya, da jakuna da mutane ya kai su Malanbil, ƙasar Dahome. Aikin da aka ɗauke shi don shi, ɗaurin igiya da kwance igiya. Wanda ya ɗora wa kansa kuwa, ba wanda ya sa shi, shi ne farautar matsorata. Da mutum ya sa ƙafa a jirgi Na'Allah ya san ko mai tsoron ruwa ne: ga shi ya rungume ƙunshinsa, ya kafa wa yatsun ƙafarsa ido, leɓe na motsi. Sai ya je ya zauna kusa da shi, ya tambaye shi garinsu, sa'an nan ya ce ai ya taɓa shan furar garin, bai taɓa shan tsiya irinta ba. Wa zai yarda a zagi furar garinsu yana zaune? Kafin bawan Allah ya gama kare mutuncin matan garinsu da turamensu, sai ya ji jirgi ya daki yashin ƙetare.

Shekarar sanƙarau ce ta sauya masa hanya. Ciwon ya kama shi, aka kai shi bukkar zana can bayan tunga, yadda ake yi a lokacin, ana ajiye masa ruwa daga nesa. Mutum ɗaya ne ya riƙa shiga har ciki, Mushe Sosu, wato Malam Sosu a bakin Nasara, ɗan Dahome mai gyaran injin jirgi. Kwana goma sha ɗaya yana ɗaga masa kai yana ɗura masa kunu. Da Na'Allah ya farfaɗo ya tambaye shi dalili, tun da ba dangin iya balle na baba, Sosu ya ce Ubangidansa ne ya aiko shi. Na'Allah ya ce to yana so ya san wannan ubangida mai aiken mutum inda kowa ke gudu. Haka ya zama mai bin Almasihu. A Bengu aka yi fushi, aka yi gaba, shekara uku ba a aiko masa ko damin gero ɗaya ba, daga baya kuma aka gaji, don fushi ma aiki ne.

Wanda bai taɓa ɗauke ƙafa ba shi ne Alfari, ɗan kawunsa, wato taubashinsa, manomin shinkafa a fadamar da ke kusa da tungar. Alfari Musulmi ne da ba ya wasa da salla, amma ya ce bawansa ko addinin kada ya bi, bawansa ne, ba zai 'yanta shi ba. Na'Allah shi ma bawa yake ce masa, kuma tun suna yara suke wannan gardama ba a raba ba. Alfari mutum ne mai gaggawa, tafiyarsa sauri, cinsa sauri, ko gaisuwa ba ya bari ka kai ƙarshen amsa.

Masu bi a tungar ba su kai ashirin ba, kusan duka ma'aikata 'yan Dahome, sai Na'Allah da matarsa Saratu mai tuyar kifi. Suka gina ɗakin addu'a na laka, suka rataye tsohon ƙarfen ƙafar kamyo a reshen tsamiya a madadin ƙararrawa. Na'Allah bai iya karatu ba, waƙa kuwa in ya ɗaga murya awaki ke fara amsawa, saboda haka aka ba shi bugun ƙarfe, kowa ya huta. Ya kuwa riƙe aikin da daraja. Kowace Lahadi da hantsi sai ka ji hannunsa, uku a jere da sauri, ɗaya mai nauyi, uku a jere, ɗaya mai nauyi, har masunta suka san shi.

Aka gina gada shekara biyu kafin mulkin kai, jirgin fito ya zama gidan tsatsa. Aka mayar da Sosu gyaran motocin gwamnati, Na'Allah ya koma 'yar garkarsa ta albasa. Bai taɓa yafe wa gadar nan ba. Ya ce wace irin hanya ce mutum zai ƙetare ruwa bai gaisa da kowa ba. Ba a daɗe ba Saratu ta rasu, Allah kuma bai bar musu ɗa ba. Aka rufe ta bayan ɗakin addu'a, Mushe Sosu ya buɗe Littafi a kanta, ya karanta da Hausarsa mai tuntuɓe cewa wannan rami ba shi ne ƙarshen zance ba. Na'Allah bai riƙe kalmomin ba, amma ya riƙe yadda ƙirjinsa ya saki da ya ji su. Tun daga ranar ya sa a ransa shi ma haka za a yi masa.

Da kakar shekara ta uku bayan mulkin kai ƙafafunsa suka fara kumburi, ciki ya biyo baya. Lokotoron Gaya, wato likita, ya latsa nan ya latsa can, ya ce hanta ce, ya ba shi 'yan ƙwayoyi, sa'an nan ya rako shi har bakin ƙofa, abin da ba ya yi wa masu warkewa. Na'Allah ya gane. Yana cikin juya wannan a ransa sai rigimar tsibirin Lete ta tashi tsakanin Nijar da Dahome, aka ce duk ma'aikaci ɗan Dahome ya tattara ya koma gida. Cikin mako guda ɗakin addu'a zai zama na mutum ɗaya.

To, a nan tsoro ya kama Na'Allah, tsoro na gaske, irin mai hana cin tuwo. Ba wai yana tsammanin za a yar da shi ba ne. Ya san mutanen tunga, za su haƙa masa, su ɗauke shi da mutunci, kafin rana ta karkata an gama. Amma liman ba zai sallace shi ba, ba shi da ikon yi, shi ma kuma bai nema ba. Ke nan za a saka shi a rami shiru, a mayar da ƙasa shiru, kowa ya karkaɗe hannu ya tafi. Wannan shirun ne ya tsaya masa a wuya. In za a faɗi gaskiya kuma, ƙarƙashin wannan tsoro akwai wani wanda bai gaya wa kowa ba. Mutumin da ya yi shekara talatin yana lallashin matsorata, ga shi yau shi ne ya rungume ƙunshi yana kallon yatsun ƙafa. Wanzami dai ba ya son jarfa, kuma abin ya ba shi kunya ƙwarai.

Ranar tafiya, Mushe Sosu na zaune kan kaya a bayan kamyo, Na'Allah ya kama masa ƙafa ya faɗi damuwarsa. Binsu ba zai yiwu ba, ba shi da takarda, ba zai kuma bar kabarin Saratu ba. Sosu ya ce ai Malanbil ga ta nan ana hangowa, ruwa ne kawai tsakani, sauti kuma ba ya neman izinin jandarma. Za su rataye nasu ƙarfe a bakin gulbi. Ran Lahadi ya buga, su amsa. In kuma waccan ranar ta zo, a sa wani ya yi bugun mutuwa, ɗaya, a ja numfashi bakwai, a sake ɗaya. Ko yana ƙarƙashin mota zai fito ya buɗe Littafi daga can, ya karanta masa abin da ya karanta wa Saratu. Ba a daɗe da ƙetarewarsu ba aka rufe gada.

Ƙanensa Abdu ya zo daga Bengu da kaza a hannu da kyakkyawar niyya. Ya ce Yaya, mutanenka sun tafi sun bar ka, me ya yi saura? Kalma ɗaya ce, ka faɗa, liman ya tsaya a kanka, dangi su yi sahu. Na'Allah ya ji daɗin zuwan, ya kuma ji jan maganar, don sahun dangi ba ƙaramin abu ba ne ga mai jin tsoron shiru. Amma ya ce duk shekarunsa a gulbi bai taɓa ganin wanda ya sauya jirgi a tsakiyar ruwa ba, kuma wanda ya aiko aka shiga masa bukkar zana bai yi masa laifin komai ba. Abdu ya koma da hawaye, ya dai bar kazar.

Lahadin farko Na'Allah ya buga, aka amsa daga ƙetare. Saura mai bugun waccan rana, tun da mamaci ba ya buga wa kansa. Wa ke gare shi in ba Alfari ba? Alfari ya ce a'uzubillahi, shi da gemunsa, liman na ji? Na'Allah ya ce ai ƙafar kamyo ce, ba ta da addini, kuma aikin bawa ne ya yi shelar ubangidansa. Aka kwana biyu ana ja kafin Alfari ya yarda, a kan cewa in an tambaye shi zai ce wasan taubasai ne, wanda ba malamin da ya taɓa iya rabawa.

Tun da ba a fafe gora ranar tafiya, aka fara koyo a cikin ɗaki, da tsohuwar galma da guntun ƙarfe, don kada a ji a waje. Kai, an sha fama. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kaɗa gwangwani yana korar tsuntsaye daga shinkafa, a ce ya buga ɗaya ya tsaya? Numfashi bakwai ɗin nan a biyu Alfari ke gama shi. Na'Allah na kwance kan tabarma yana cewa wannan ba mutuwa ba ce, gobara ce, in ya buga haka mutanen Malanbil da tuluna za su fito. Ya ce ya ga alama sai ya daure ya fasa mutuwar, don kada a kunyata shi a ƙasar mutane. Maganar ta yi wa Alfari zafi fiye da yadda ya nuna.

Wata Jumma'a da safe, ana tsakiyar ɗari, gulbi ya cika ya batse, Na'Allah ya lallaba da sandarsa zuwa tsohon bakin fito, ya zauna cikin wani ruɓaɓɓen kwalekwale da aka jawo kan tudu, yana shan hantsi. Shi kuwa Alfari, yadda ya ba da labari daga baya, ya biyo ta gindin tsamiya zai tafi fadama, ya ga ƙarfe a rataye, ba kowa. Ya ce a ransa ai laifin galmar nan ne, ba ta da amo, mutum ba ya jin inda zai tsaya. Yau kuma ba Lahadi ba, wa ke sauraro a ƙetare? Bari ya gwada abin gaske sau uku kawai, bawan nan ya ji da kunnensa.

Na'Allah ya ji bugu ɗaya, ya ɗaga kai. Ya ƙirga ba da niyya ba, numfashi bakwai cif, sai na biyu. Abin haushi, bai taɓa jin bugun mutuwa mai kyau irin wannan ba. Ya taɓa ƙirjinsa, ya taɓa gwiwarsa, ya ga dai yana nan. Ya yunƙura zai tashi, kumburarrun ƙafafu suka ce ba da su ba. Ya ƙwala kira, iska ta kwashe. Alfari kuwa da ya ji abin ya zauna masa a hannu, daɗi ya ɗebe shi, sau uku ya zama sau ashirin.

Sai daga ƙetare aka amsa. Ɗaya, shiru, ɗaya.

Na'Allah ya daina kokawar tashi. Can ya hango mutane ƙanana-ƙanana suna gangarowa gindin wata bishiya a bakin ruwa, wasu da gudu, wata mace ta ɗora hannu a ka. Ranar aiki ce fa, kowa da abin da ya bari. Jim kaɗan ruwa ya fara kawo masa waƙa guntu-guntu, wadda aka yi wa Saratu. Da ya tuɓe rigarsa ya kaɗa, mai yiwuwa wani mai ido ya gane shi. Ya kai hannu wuyan rigar, ya tsaya. Sai ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, yadda masu bi suke yi wurin addu'a. Waƙa ta ƙare, aka yi tsit, ya san Sosu ne ke karatu. Ko kalma ɗaya ba ta ƙetaro ba, amma ƙirjinsa ya saki, irin sakin nan na ranar Saratu, hawaye na bin gemunsa bai share ba.

Ana cikin haka ga Alfari tafe yana taƙama, ya zo karɓar yabo. Ya buɗe baki ke nan sai ya ji waƙa ta sake tashi. Ya dubi ƙetare, ya dubi taubashinsa, ya gane abin da ya aikata. Ya juya zai koma da gudu ya buga na Lahadi, Na'Allah ya riƙe masa riga.

"Zauna, bawa. Jana'iza ake yi. Kai ba a koya maka yin shiru a wurin jana'iza ba?"

"Na kashe ka da ranka, Na'Allah."

"Ka kuwa iya. Zauna a gama."

Suka zauna kafaɗa da kafaɗa har mutanen suka watse. Duk inda Na'Allah ya ga kamar nan ne wurin amin, sai ya ce amin. Alfari ya sunkuyar da kai, ya yi zaman da bai taɓa yin mai tsawonsa ba tun da aka haife shi.

Warware zancen ya fi ƙulla shi wuya. Gada a rufe, jandarmomi na sintiri a ruwa, Baƙo Basarke kuma, masuncin da ya san yadda ake zamewa ta cikin ciyawar gulbi, ya gangara kamun kifi can ƙasa, sai Litinin. Na'Allah ya ce in aka yi bugun Lahadi ran Jumma'a, za su ce yara ne ke wasa da ƙarfen mamaci. Sai jira. Ran Lahadi da hantsi ya tsaya gindin tsamiya, Alfari na tallafe da shi, ya ɗaga hannu: uku a jere, ɗaya mai nauyi, hannun da ba wanda ke da irinsa. Mutanen ƙetare suka yi tsit, tsit ɗin da ya isa a dama kunu a sha. Sa'an nan aka rufe ƙarfensu da duka, ba tsari ba kan gado, kai ka ce mutum uku ke ƙwacen sandar.

Ran Talata Baƙo ya ƙetara ya dawo da labari, ya kuwa ba da shi gaban rabin tunga, yana ƙara gishiri. Ya ce Madan, matar Sosu, ta saki tukunyar miya da ta ji bugun, wata tsohuwa ta shige ƙarƙashin gado. Ya ce Mushe Sosu ya ce a gaya wa Na'Allah, mutuwa ran Jumma'a a tashi ran Lahadi, Mutum ɗaya ke da wannan, Almasihu, kada ya sake kwaikwayo. Aka yi dariya har da waɗanda ba su gane ba. Da jama'a ta ragu Na'Allah ya jawo Baƙo gefe, ya tambaye shi a hankali ko addu'ar ta lalace ke nan, tun da an yi ta ba gawa. Baƙo ya ce ai Sosu ya san za a yi wannan tambaya. Ya ce a gaya masa addu'a ba kifi ba ce da za ta ruɓe, kuma ko sau goma aka buga, sau goma za su fito. Ya ce a wurin jana'izar ba wanda ya yi zancen bugun ƙarfe, kowa labarin ranar da ya fara shiga jirgi yake bayarwa, yana rawar jiki wani mutum ya zo ya zagi abincin garinsu. Saƙon ƙarshe kuma, tun da Ubangiji ya mayar da shi, sai ya tambayi Ubangijin wane aiki ya mayar da shi ya yi.

Daga ranar sunan ya bi shi. Mata masu zuwa ɗibar ruwa su ce Marigayi an tashi lafiya, ya ce lafiya lau, ƙasa ba ta yi nauyi ba. Liman da kansa, da ya gama yi wa Alfari faɗa, ya leƙo ya ce ya zo ta'aziyya, ina mai karɓa. Na'Allah ya koma cin tuwo. Ciwo bai ragu ba ko kaɗan, ciki kullum ƙara tashi yake, amma abin nan da ya tsaya masa a wuya ya wuce. Yakan shiga ɗakin addu'a shi kaɗai da safe, ya zauna kan benci, ya ce Ubangiji ga ni, an ce in tambaye ka aiki, sai dai ka san ban iya karatu ba, ƙafa kuma ka gan ta.

Aikin kuwa da kansa ya zo, ta bakin Alfari, cikin wasa. Tun da aka rufe gada kamyoyin gyaɗa suka yi layi a bakin hanya, direbobi da matafiya suka yi zango gindin itatuwa suna jiran manya su shirya. Cikinsu akwai wani direba, Yakuba, mutumin Damagaram, da ciwon shawara ya kwantar ƙarƙashin motarsa, idanu sun koma ruwan ɗorawa, ba dangi ba sani. Yana ta fizge-fizge yana kiran uwarsa, abokan tafiyarsa sun rasa yadda za su yi da shi. Alfari da ya je kai musu shinkafa ya ce a kira Marigayi mana, shi ya san hanya. Ya dawo yana ba da labari yana dariya, sai ya ga Na'Allah na laluben sandarsa. A kan jakin Alfari aka kai shi.

Ya zauna kusa da Yakuba, ya tambaye shi garinsu, ya ce ai ya taɓa cin kilishin Damagaram, fatar takalmi ta fi shi laushi. Mutumin da ke kiran uwarsa ya buɗe ido ya ce ƙarya ne. Suka yi ta ja har numfashinsa ya daidaita. Can Yakuba ya kama masa hannu.

"Baba, an ce ka je ka dawo. Yaya can take?"

"Ban je ba, ɗana, ba zan yi maka ƙarya ba. Bakin ruwa na tsaya. Abin da na sani, an buga daga nan, an amsa daga can, ba a ko ɓata lokaci ba."

Yakuba ya tambaye shi ko shi ba ya tsoro. Na'Allah ya ce yana ji mana, wa ba ya ji, amma shi Ubangidansa ya shiga kabari ya fito, mai jirgin da ya je ya dawo kuwa shi ake ba amanar kai. Bai ƙara a kan haka ba. Ya aika aka kira liman, don mutum ya ji kalmar da ya saba da ita tun yana goye, shi kuma ya tallafe masa kai har la'asar, lokacin da Yakuba ya cika.

Bayan wannan kiran Marigayi ya wuce wasa. Duk inda wani ya kwanta ciwon ajali yana firgita, a zangon direbobi ko cikin tunga ko ƙauyukan kusa, sai ka ga jakin Alfari tafe da Na'Allah a kai, ciki a gaba, Alfari na ja yana mitar an mayar da ubangida mai jan jaki. Mutum bakwai ya raka cikin wata huɗu, ya kuma zagi furar garuruwa da dama. Wata rana a hanya ya gaya wa Alfari shi da ya ɗauka gada ta kashe masa sana'a, ashe tana nan tana jiransa. Alfari ya ce ya rufe baki ya riƙe jaki da kyau.

Gab da faɗuwar damina, gulbi ya janye har yashi ya fito a tsakiya, ƙafafun Na'Allah suka ƙi kai shi ko wurin jaki. Aka shimfiɗa masa tabarma gindin tsamiya saboda zafi. Lahadi biyu Alfari ne ya riƙe masa hannu suka buga tare. Na'Allah ya kira Baƙo ya ba shi saƙo zuwa ga Mushe Sosu, bai bari Alfari ya ji ba.

Ran Laraba da safe kowa ya ga alama. Aisata matar Alfari ta kawo kunu, ta mayar da shi yadda ta kawo. Alfari ya kasa zaune ya kasa tsaye, ya ɗauki sandar ƙarfe ya ajiye, ya sake ɗauka. Daga bisani ya tsuguna, ya gyara murya, ya ce bawa ya kwantar da hankalinsa, numfashi bakwai na nan a kansa, kuma wannan karo zai jira a mutu tukuna. 

Na'Allah ya buɗe ido ya ce, "Wancan an yi an gama, na kuma ji da kunnena, ya yi kyau. In na tafi, na Lahadi za ka buga. Sosu ya sani."

"Ran Laraba? Za su ce ka sake tashi."

"To, in sun faɗa ba su yi ƙarya ba. Gaggawa dai suka yi kaɗan, irin taka."

Kafin azahar ya cika, kansa a cinyar taubashinsa. Alfari ya rufe masa ido, ya gyara masa kwanciya, ya miƙe ya ɗauki sandar. Ya yi uku a jere, ɗaya mai nauyi, yana kuka yana bugawa, mutanen tunga na tsaye da hauyoyinsu ba wanda ya ce ya bari. Bai kai ga na biyar ba mutanen ƙetare suka ɗauka da irin bugun. Ana haƙa ana bugawa, ana saka shi ana bugawa, har aka gama mayar da ƙasa kusa da Saratu ba a yi shiru ba.